Satar Fasaha da Haƙƙin Mai Ita

Tun zamanin da ilimi ya shigo ƙasar Hausa ake kwafin aikin wani, kuma babu wanda ya taɓa kiran mai kwafi ɓarawo. Ɗalibi yakan ari littafin fiƙihu ko na nahawu daga malaminsa, ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada, ya duƙufa wata da watanni har ya kai ƙarshe, sa'an nan ya rufe da addu'a ga mawallafi da iyayensa. Lada ma ake sa masa rai da ita. Sabili kuwa shi ne, kwafi a wancan lokaci aiki ne mai wahala da cin rai, mawallafin kuma ba da kuɗin littafi yake ci da iyalinsa ba. Sai da injin ɗab'i ya zo, ya zamana mutum ɗaya na iya buga dubu a mako ya sayar, alhali wanda ya yi wahalar wallafa bai ga ko anini ba, sa'an nan hukumomi suka ga wajabcin sa baki. Ingila ta kafa dokarta a 1710, ta ba mawallafi shekara 14 shi kaɗai ke da ikon buga littafinsa, daga bisani kuma, a 1886, wasu ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern domin kowace ta kiyaye haƙƙin mawallafan 'yar'uwarta.

Duk waɗannan dokoki an gina su ne bisa zaton cewa mai satar fasaha yana da inji, da shago, da rumbun ajiya, inda ɗan sanda zai iya zuwa ya kama shi da kaya a hannu. Wannan zato shi ne intanet ta rushe. A 1999 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a birnin Boston na Amurka, Shawn Fanning, ya ƙago manhajar Napster, wadda ke ba kowa damar ɗaukar waƙa daga kwamfutar wani ba da biyan kome ba, kafin a ankara kuwa miliyoyin mutane sun ɗure cikinta. Kamfanonin faifai suka kai ƙara, kotu ta goyi bayansu, Napster ta rufe a 2001; amma ko da ta faɗi, magadanta sun riga sun fito, waɗanda ba su da cibiya guda da za a je a datse. Tsakanin 1999 da 2014 kuɗin da ake samu daga sayar da waƙoƙi a Amurka ya ragu da kimanin rabi.

Da masu haƙƙi suka rasa wanda za su kama, sai suka juya kan talakawa masu saurare. Daga 2003 suka shiga maka dubban mutane a kotu, har wata mata a jihar Minnesota aka yanke mata biyan dala 222,000 saboda waƙoƙi 24 kacal, hukuncin da ya sa mutane da yawa, waɗanda da fari suke ganin gaskiyar kamfanoni, suka koma tausayin wadda ake tuhuma. A Suwidin, cikin 2009, an yanke wa mutum huɗu masu hannu a shafin satar fasaha na The Pirate Bay ɗaurin shekara guda-guda, shafin kuwa ya ci gaba da harkarsa. A 2012 majalisar Amurka ta nufi kafa doka mai tsanani wadda za ta ba da ikon toshe shafuka, jama'a suka yi ca, har Wikipedia ta Turanci ta rufe kanta yini guda ranar 18 ga Janairu don nuna ƙin amincewa, aka jingine maganar.

Lalle kowane ɓangare na da hujjarsa, kuma bai kamata mai hankali ya yi gaggawar wofintar da ɗaya ba. Masu sassauci suna cewa wanda ya kwafi waƙa bai raba mai ita da ita ba, sa'an nan muddar da ake ba haƙƙi yanzu, wadda a ƙasashe da dama ta kai shekara 70 bayan rasuwar mawallafi, ta wuce kiyaye marubuci ta zama arzuta kamfani. Masu tsanantawa kuma suna amsawa da cewa abin da aka ɗauke shi ne amfanin guminsa, in kuwa manomi ya san wani zai girbe, ba zai shuka ba. Malaman Musulunci ma sun yi saɓani a kan mas'alar, domin akwai waɗanda suka ga cewa ilimi ba ya mallakuwa, kuma shari'a ta yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye shi. Sai dai majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce abar kiyayewa a shari'a, ba ya halatta a keta ta. Fatawar ta warware hukunci, amma ba ta sa wa mawaƙi kome a aljihu ba.

Abin da ya rage ɓarnar, a ganina, ba tsoron alƙali ba ne, sauƙaƙa hanyar halal ne. A 2003 kamfanin Apple ya buɗe kantin iTunes, inda mutum zai sayi waƙa ɗaya a kan santi 99 maimakon a tilasta masa faifai sukutum saboda ita. A 2008 kuma Spotify ta fito daga Suwidin, mahaifar The Pirate Bay ɗin nan, da tsarin biyan kuɗin wata, ko sauraro kyauta tare da jure tallace-tallace. Da halal ta fi haram arahar wahala, galibin mutane suka bi ta, kasuwar waƙa kuwa ta soma farfaɗowa daga 2015. Illa dai rabon da ke isa hannun mawaƙi daga kowane sauraro bai kai santi guda ba, shi ya sa manya suke ƙoshi, ƙanana kuwa sai sun haɗa da wasa a dandali kafin su riƙe gida.

Mu ma nan wannan al'amari ya same mu, ta wata fuska mai ban mamaki. Masana'antar finafinan Hausa, wadda ake ƙirga farkonta daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, ta girma ne a kan kafaɗar 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, mutanen da suka riga suka mallaki na'urorin kwafi da dillalai har Nijar da Gana ta hanyar gurza finafinan Indiya ba da izinin kowa ba. Da furodusoshi suka ga ba za su iya lissafa kaset nawa aka gurza ba, sai aka yi dabara: mai fim ya buga kwali ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su zuba fim a kaset ɗinsu su sa cikin kwalin, ta haka haƙƙin mallaka ya tattara a jikin takarda. Tsarin ya yi aiki shekaru, ko da yake da ƙorafi, har wayar hannu mai katin ajiya ta iso. Daga nan yaro mai kwamfuta ɗaya a rumfar cajin waya ya isa ya tura wa unguwa guda sabon fim da 'yan canji, kwali ya zama shara, kasuwar faifai ta durƙushe, masu sana'a da yawa suka nemi wata hanyar abinci.

Waɗanda suka tsaya sai suka bi masu kallo inda suka koma. Tashar Arewa24, da ta buɗe a 2014, ta nuna cewa shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa na iya riƙe jama'a mako bayan mako, daga baya kuma shirye-shirye irin su Izzar So suka tara miliyoyin masu kallo a YouTube, inda mai talla ke biya, mai kallo kuwa kuɗin data kawai yake kashewa. Nijeriya ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka, aka sa mata hannu a Maris 2023, ta kuma tanadi hanyar da mai haƙƙi zai nemi a sauke aikinsa daga shafin da ya ɗora shi ba da izini ba. Sai dai sabuwar kasuwar ta zo da nata sharuɗɗa: kuɗin talla a kan mai kallo na gida bai kai na mai kallo a Turai ko ƙasashen Larabawa ba, kamfanin da ke yanke farashi yana can Kalifoniya, furodusa kuwa, don kada tasharsa ta yi sanyi, dole ya fitar da sabon kashi kowane mako, ko da labarin da ke hannunsa na kashi goma ne aka ja shi zuwa ɗari.