Daga allon fim zuwa tsaunukan Alps: Yadda Indiyawa ke neman bizar Suwizalan da tsara ziyararsu

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya san Suwizalan, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Korayen filayen nan da jarumi da jaruma ke rera waƙa a cikinsu, ga duwatsu lulluɓe da dusar ƙanƙara a bayansu, da yawansu a wannan ƙaramar ƙasa ta tsakiyar Turai aka ɗauke su.

Raj Kapoor ya kai kyamararsa can tun a fim ɗin Sangam na 1964, amma Yash Chopra ne ya mayar da ƙasar tamkar gida, musamman bayan da rikicin Kashmir ya hana masu shirya fim zuwa tsaunukan ƙasarsu daga ƙarshen shekarun 1980. Fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda ɗansa Aditya ya ba da umarni, an ɗauki wani ɓangarensa a garuruwan Saanen da Zweisimmen. A 2016 aka kafa mutum-mutumin Yash Chopra a Interlaken, don yaba wa irin baƙin da finafinansa suka janyo wa ƙasar.

Sai dai Ba'indiyen da ke son taka wuraren da ya gani a allo, dole ne ya fara da neman biza, kuma a nan ne mutane da dama ke tuntuɓe.

Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tun a watan Disamban 2008 ta shiga yankin Schengen, wanda yanzu ya ƙunshi ƙasashe 29 da suka cire shingen bincike a tsakaninsu. Don haka bizar da mai yawon buɗe ido ke nema ita ce ta gajeren zama, wadda ke ba shi damar yin kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma da ita zai iya tsallakawa Faransa ko Italiya ko Jamus.

Wannan sauƙin yana da sharaɗi. Doka ta ce a nemi biza daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai a nema daga wadda za a fara sauka. Iyalin da suka shirya kwana biyar a Paris da kwana uku a Interlaken, ofishin jakadancin Faransa ne nasu, ko da kuwa dusar ƙanƙara ce ta fito da su daga gida. Wannan ya sa tsara ziyara ke zuwa kafin cika fom.

A Indiya, kamfanin VFS Global ne ke karɓar takardu a madadin Suwizalan, ya ɗauki hoton yatsu, sannan ya miƙa wa ofishin jakadancin ƙasar da ke New Delhi, wanda shi kaɗai ke da ikon amincewa ko ƙi. Kamfanin kansa a Mumbai aka kafa shi a 2001, a ƙarƙashin Kuoni, wani kamfanin tafiye-tafiye na Suwizalan. Hoton yatsun da aka ɗauka yana aiki har tsawon wata 59, don haka wanda ya nemi biza a baya-bayan nan ba lalle ne a sake ɗaukar nasa ba.

Tun daga ranar 11 ga Yunin 2024 kuɗin biza ya koma yuro 90 ga babba, yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan aikin kamfanin. Ba a mayar da kuɗin idan an hana bizar.

Ana iya shigar da buƙata tun saura wata shida a yi tafiya, kuma bai kamata a bari sai saura ƙasa da kwana 15 ba. A bisa ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45. Matsalar ita ce makarantun Indiya na hutu a watannin Mayu da Yuni, daidai lokacin da sanyi ya lafa a Suwizalan, sai kowa ya taso a lokaci guda, samun ranar miƙa takardu ya yi wuya. Wanda ya fara shiri tun Janairu ko Fabrairu ya huta da wannan cunkoso.

Fasfo dole ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma zai ci gaba da aiki aƙalla wata uku bayan ranar fita daga yankin. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki da ta jirgin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki, da takardar biyan haraji, da wasiƙar izinin hutu daga wurin aiki. Hukumomin ƙasar na lissafa faran 100, kuɗin Suwizalan, a matsayin abin da baƙo zai buƙata a kowace rana.

Abu biyu jami'in biza ke son tabbatarwa daga wannan tarin takardu: tafiyar gaskiya ce, kuma mai ita zai koma gida. Idan jadawali ya ce kwana goma amma otel na kwana shida aka kama, ko kuɗi mai yawa ya faɗo asusu kwatsam ana saura mako guda, shakku ya shiga ke nan. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara ga hukumar shige da fice ta ƙasar.

Masu cika alƙawari kuwa sun samu rangwame. A watan Afrilun 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta amince cewa Ba'indiyen da ya samu biza biyu cikin shekara uku, ya kuma yi amfani da su bisa doka, ana iya ba shi ta shekara biyu mai shiga da fita sau da yawa, daga nan sai ta shekara biyar.

Jadawalin da aka miƙa wa ofishin jakadanci shi ne kuma zai yanke yawan kuɗin da za a kashe, domin Suwizalan na cikin ƙasashe mafi tsada a duniya. Akasarin baƙi daga Indiya kan sauka a Zurich, su wuce Lucerne, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa. Daga can ake zuwa Engelberg a hau dutsen Titlis a cikin motar igiya, wato ɗakin gilashi da ke tafiya a rataye, yana juyawa a hankali har tashar da ke tsayin mita 3,020. A saman akwai hoton Shah Rukh Khan da Kajol a tsaye cikin ƙanƙara, kuma da wuya a same shi babu masu jiran ɗaukar hoto.

Daga Lucerne zuwa Interlaken kimanin awa biyu ne, kuma nan ce mashigar Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai, mita 3,454, wadda aka buɗe a 1912. Sabuwar motar igiya ta Eiger Express da ta fara aiki daga Grindelwald a Disamban 2020 ta rage tsawon tafiyar sosai. Wannan saurin yana da illarsa, domin iska ba ta da kauri a can sama, kuma tsofaffi da masu ciwon zuciya na iya jin jiri ko sarƙewar numfashi.

Tikitin Swiss Travel Pass, na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15, ya ƙunshi jiragen ƙasa da bas-bas da jiragen ruwa da gidajen tarihi fiye da 500, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 16 na tafiya kyauta tare da iyayensu idan an karɓi katin iyali. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne bai ɗauke kuɗin hawa manyan duwatsu ba: rabin kuɗi ake biya a Titlis, a Jungfraujoch kuwa kashi 25 cikin 100 kawai ake ragewa. Haka jirgin Glacier Express, mai awa takwas tsakanin Zermatt da St. Moritz, sai an biya kuɗin kujera daban. Ga wanda zai zauna wuri guda ya riƙa hawa duwatsu, katin rabin farashi na wata ɗaya kan fi araha.

Abinci ba ya wahala ga masu ƙaurace wa nama, waɗanda suke da yawa a cikin Indiyawa. Gidan abinci na Hiltl da ke Zurich tun 1898 yake dafa abinci marar nama. Shaguna dai galibi a rufe suke ranar Lahadi, in ban da na manyan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama.

Abin da babu jadawalin da ke iya tsarawa shi ne gajimare. Idan hazo ya rufe dutse, mai tikiti mai tsada ba abin da zai gani sai fari fat. Shi ya sa masu dabara ke kama masauki na kwana biyu ko uku a gindin dutsen, su duba kyamarorin da ke nuna samansa kai tsaye a intanet da sassafe, sai sun ga sarari sannan su sayi tikitin hawa.