Tsofaffin na'urori a Arewa: gina Python daga tushe

Tun daga zubi na 3.9 da ya fito a 2020, Python, harshen tsara manhaja da Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya daina hawa Windows 7. Ga ɗan lise na Dogon Dutsi ko Tibiri wanda ya gaji tsohuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba ya kuma da halin sake ta, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Sai dai tafintan Python, wato manhajar da ke karanta umurni tana aiwatarwa, da harshen C aka rubuta shi, rubutun kuwa kyauta ne. Wanda ya ɗora Linux yana iya gina shi da kansa: configure ta binciki kayan cikin na'urar, make ta sa gcc ya juya rubutun zuwa harshen inji.

Tsohon inji kan jima bisa wannan aiki, ga kuran mai yawan ɗaukewa, balle a 2023 da Nijeriya ta katse wa Nijar wuta. Abin daɗi, make ba ta komawa farko, inda ta tsaya take ɗorawa. Wajibi ne a tanadi zlib da OpenSSL kafin a soma, domin in babu su pip ba zai sauko da komi ba.