Kaurin Waya: Abin da Ke Hana Batirin Motar Gida Tayar da Gobara

A Amurka da Turai, masu yawo da motar gida, wato motar da ke da ɗakin kwana da kicin a cikinta, sukan kashe kuɗi sosai wajen sayen batura da inbata, amma su yi sakaci da wayar da za ta haɗa su. Idan wayar ta yi siriri, zafi take ɗauka har robarta ta narke, daga nan kuma sai gobara.

Ga lissafin. Inbata mai 2000W a kan batir 12V tana jan kusan 167A, idan aka ƙara asarar da ke cikinta ta doshi 200A. A tsarin 24V kuwa rabin haka take ja, shi ya sa wayarsa ba ta kai wannan kauri ba.

Tsawo ma yana da tasiri, kuma zuwa da dawowa ake aunawa. Ana so kada ƙarfin wutar ya ragu fiye da kashi 3 cikin ɗari a hanya, wato 0.36V. Idan tazarar batir da inbata mita 3 ce, wayar ta zama mita 6, don haka za ka buƙaci mai kaurin 70mm². A ma'aunin AWG na Amurka, 2/0 ce ta yi kusa da ita.

Ka sayi wayar jan ƙarfe zalla mai silli-silli, ka guji alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Sannan ka ɗaura fiyus dab da kan batir, wanda zai tsinke kafin wayar ta ƙone.