Gargaren Goshin Jirgi

Yau za mu leƙa tashoshin jiragen ruwa na kudancin Ingila, inda har yanzu ake samun ƙananan jirage masu filafilai waɗanda iska ke korawa, irin su Westerly Centaur, mai tsawon ƙafa 26, da aka fara ƙerawa a 1969.

A goshin kowane irin wannan jirgi akwai wani ɗan gargare mai siffar kwarkwaron masaƙa, wanda sarƙar anka ke bi ta kansa idan za a saki anka ko za a jawo ta. Kuma duk da ƙanƙantarsa, shi ne ke ɗauke da nauyin sarƙar da fizgar igiyar ruwa, alhali mutanen jirgi na barci cikin aminci. Shekaru suna tafiya, sarƙa na cin jikinsa, rana na tsattsaga robarsa, gishiri na daskarewa a cikin raminsa, har wata rana ya ƙi juyawa. Daga nan sarƙa sai ta riƙa gurzar gefe guda, ta lafe shi, matuƙi kuwa ya ji anka ta yi masa nauyin da bai saba ji ba.

Cire shi, a zahiri, abu ne mai sauƙi: a sauke anka a ɗaure ta a gefe, a kwance noti, a zare sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyarsa. Amma galibi a nan ne ake jarraba haƙurin mutum, domin idan sandar ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, mazauninta kuwa na alminiyam, to ruwan gishiri yakan sa alminiyam ɗin ya ci, ya fitar da wani farin gari da ke riƙe sandar gam. Maganinsa mai ne mai ratsa tsatsa, a ɗiga a bari ya kwana, a ɗan gasa wurin da hattara saboda jikin jirgin faiba ne, sa'an nan a buga da guduma sannu a hankali. Mai hikima yakan rataya bokiti a ƙarƙashi, don abin da ya faɗa teku ya tafi ke nan.

Kamfanin da ya ƙera Westerly Centaur ya daɗe da rufewa, saboda haka sau da yawa sai a auna faɗin tsohon da kaurinsa da raminsa, a kai wa mai injin fere ƙarfe ya fere sabo. Ni dai na fi son a fere shi da robar Delrin a kan nailan, domin nailan yakan sha ruwa ya kumbura ya sake cijewa.

Abin da na fi jaddadawa, jama'a, shi ne kada a tsaya ga gargaren kaɗai. Wajibi ne mutum ya rarrafa cikin ma'ajiyar sarƙa da tocila, ya duba ƙusoshin da ke riƙe da mazaunin tun daga ƙasa, domin yawancin jiragen wancan zamani akwai katako a tsakanin faibar benensu, kuma idan ruwa ya daɗe yana bin ramukan ƙusa, katakon ya ruɓe a ɓoye. In an tarar da haka, sai a ƙwaƙule ruɓaɓɓen, a cike da gam mai ƙarfi, a sa farantin ƙarfe daga ciki, kafin a mayar da anka mazauninta.