Yadda A Ke Auna Yawan Mace-mace

Idan aka ce mana bara mutum 120 suka rasu a wani gari, a wani kuwa mutum 40, yawancinmu za mu ce garin farko ya fi ciwo. Amma kada mu yi garaje, sai mun tambaya mutum nawa ke zaune cikin kowanne.

Mu ce garin farko mutanensa 10,000 ne, na biyu 2,000. Ga yadda a ke lissafin. A ɗauki yawan waɗanda suka rasu cikin shekara, a riɓa shi sau dubu, sa'an nan a raba da yawan mutanen garin a tsakiyar shekarar nan. Garin farko zai ba mu 12 cikin dubu, na biyu 20 cikin dubu. Ashe ƙaramin garin ne ya fi bukatar a duba rijiyoyinsa, a aika masa da likita.

To, ko wannan ma'auni ma ya kan ruɗi mutum, gama tsofaffi sun fi samari mutuwa ko'ina a duniya. A shekarar 2022 mutum fiye da 12 cikin dubu suka rasu a Japan, a Nijar kuwa ba su kai 10 ba. Ba wai Nijar ta fi Japan asibiti ba ne. Dalili shi ne, fiye da rubu'in mutanen Japan sun kai shekara 65, alhali kusan rabin mutanen Nijar ba su cika 15 ba. Saboda haka masana su kan kasa jama'a bisa ga shekarunsu, su gwada tsoho da tsoho, yaro da yaro.

Ma'aunin da ya fi tona asirin ƙasa shi ne na jarirai, watau cikin kowane dubu da aka haifa da rai, nawa ne suka rasu kafin su cika shekara guda. Jariri ba ya jure wa ruwa mai ƙazanta, ko zazzaɓin sauro, ko ƙarancin abinci, don haka in wuri ya ɓaci a jikinsa a ke fara gani.

Wannan ilmi wani ɗan kasuwa na birnin Landan ne ya buɗe ƙofarsa, sunansa John Graunt. A 1662 ya tattara takardun da a ke rubuta mamatan birnin mako-mako, ya kimanta cewa cikin yara 100 wajen 36 ba su kai shekara shida. Daga 1837 kuma gwamnatin Ingila ta soma rubuta haihuwa da mutuwa a ƙasa duka.

Wani zai ce ajali na Allah ne, me ya kai mu ƙirga? Gaskiya ne, amma makiyayi ma ya kan ƙirga garkensa da maraice, don ya san ko kura na shiga. Lissafi kuwa ba ya yiwuwa sai da rubutu, ga shi a ƙasarmu yawancin masu rasuwa a kan yi musu sutura ba a rubuta ko'ina ba. Mu da za mu koma garuruwa mu koyar, ya kamata mu fahimtar da iyayen yara amfanin kai labarin haihuwa da rasuwa ga masu rajista, domin jaririn da ba a rubuta rasuwarsa ba, ba mai zuwa binciken abin da ya kashe shi, balle a tsare ƙannensa.