Yadda Taswira Ta Bayyana Burtalin Giwayen Gurma

A yankin Gurma na ƙasar Mali, kudu da Tambutu, akwai giwayen da suka fi kowaɗanne nausawa arewa a duk nahiyar Afirka. Wuri ne mai ƙarancin ruwan sama, saboda haka dabbobin nan kan shekara suna kewaye: da damina su gangara kudu wajen iyakar Burkina Faso, da rani kuma su koma tafkunan arewa. Makiyaya ma da wannan daji suka dogara, don haka ba shi yiwuwa a killace shi baki ɗaya. To, waɗanne wurare ne idan giwayen suka rasa su za su halaka?

Domin amsa wannan tambaya, a shekarar 2008 masanan ƙungiyar Save the Elephants suka ɗaura wa giwaye 9 abin wuya mai ɗauke da na'urar GPS. Ita wannan na'ura takan karɓi saƙo daga taurarin ɗan'adam aƙalla huɗu, ta auna lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa inda dabbar take. Kowane lissafi yakan zama ɗigo guda a kwamfuta. Sai masana su shimfiɗa ɗigogin nan bisa taswirar mashaya, da ta tsirrai wadda ake samu daga hotunan tauraron ɗan'adam, da ta ƙauyuka. Inda ɗigogi suka taru, nan dabba ke daɗewa. Inda suka jeru kuwa, nan ne burtalinta.

Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa giwayen suna yawo a filin da ya zarce murabba'in kilomita 32,000, amma rayuwarsu ta rataya ne a kan wasu 'yan wurare. Ɗaya shi ne Tafkin Banzena, mashayar da suke dogara da ita a ƙarshen rani. Ɗaya kuma wata matsattsiyar mashiga ce tsakanin duwatsu, wadda ake kira Ƙofar Giwaye. Idan gidaje da gonaki suka toshe ta, hanyar kudu ta yanke.

Irin wannan bayani shi ke nuna wa hukuma inda za ta fara sa ƙarfinta, da inda ya wajaba ta zauna da makiyaya a daidaita kan amfani da ruwa. A shekarar 2021 Mali ta kafa sabon gandun ajiyar halittu na Gurma, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 42,000, domin ya haɗe hanyar da giwayen ke bi.