Wa Ya Lanƙwasa Ƙafar Yaron?

Ga kacici-kacici, mai karatu, in ka gaza ka ba ni gari. Yaro ya shiga asibiti da ƙafafunsa, ba karaya, ba targaɗe. An sa shi barci, wani mutum ya ɗauko zarto ya raba masa ƙashin ƙwauri gida biyu da gangan. Da aka fito, uwar yaron ta rusuna tana yi wa mutumin nan addu'a. Maɗori dai sai an karye ake nemansa. Wane ne wannan da yake karya lafiyayyen ƙashi ana gode masa?

Wannan ba ta da wuya. Likitan ƙashi ne, kuma a Yamai ana irin aikin a asibitin yara na CURE da aka buɗe a unguwar Lazare a 2010, inda ake kai masu ƙafar baka, da masu gwame, da waɗanda aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa. Likita gyara ɓarna yake yi. Wanda nake farauta shi ne mai ɓarnar, wanda ya riga likita zuwa da shekaru, ya lanƙwasa ƙashin, ya fita ba wanda ya ji motsinsa.

Na farko da tsofaffi za su nuna maka shi ne goyo. Wai buɗe ƙafafun jariri a bayan uwa shi ke sa su baka. To amma daga Yamai har Damagaram, wane ɗa ne ba a goya ba? Da goyo ne, da ba a sami mai miƙaƙƙiyar ƙafa ko ɗaya ba a Babbar Kasuwa. Gaskiya ne yawancin yara suna fara tafiya da 'yar baka, amma kafin shekara 3 ta miƙe da kanta, wani lokaci ma ta ɗan zarce zuwa gwame, ta daidaita wajen shekara 7. Mu sallami goyo.

Shan inna fa? Ita jijiya take kamawa, ƙafa ta saki ta rame. Yaron da muke magana a kansa yana da ƙarfinsa, ƙashin ne ya kauce hanya. Kuma taɓa wuyan hannunsa ka ji: ya yi kauri, alhali ba a tafiya da hannu. Ke nan abin ya game jiki duka. Ba ita ba ce.

Sai na buɗe littafin likitoci, na ce yau asiri ya tonu. Cutar tana da suna, riket, wato laushin ƙashin yara. A ƙarni na 19 ta addabi biranen masana'antu na Birtaniya, inda hayaƙin kwal ya rufe sama, yara suka tashi a lunguna masu duhu. A Gilasgo ne wani likita, William Macewen, ya ƙware wajen yanke ƙashi don miƙar da gwame, har ya fitar da littafi a kan aikin a 1880. Bayan 1920 aka gano bitamin D, aka gane fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Hukunci ya fito: rashin rana ne.

Rashin rana. A Yamai?

Garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu? Inda yara ke wuni a ƙofar gida daga su sai ɗan kamfai? In akwai abin da talaka bai taɓa rasawa ba a Nijar, rana ce. Littafi bai yi ƙarya ba, amma ɓarawon Gilasgo ba shi ne namu ba.

Ka gaza? Ba ni gari.

Na karɓi Jos.

A can ne Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka tara yara 123 masu wannan cuta, suka raba su kashi uku. Kashi na farko allurar bitamin D. Na biyu sinadarin kalsiyam kullum. Na uku duka biyun. Aka jira mako 24, aka sake ɗaukar hoton ƙashi, aka auna jini. Sakamakon ya fito a 1999. Masu bitamin D kaɗai, kashi 19 cikin ɗari ne suka kai mizanin warkewa. Masu duka biyun, 58. Masu kalsiyam zalla?

Kashi 61.

Ashe mai laifin yana zaune a tsakar gida, a cikin kwanon tuwo. Da aka lissafa abincin yaran, kalsiyam ɗin da suke samu a rana bai wuce miligiram 200 da 'yan kai ba, ƙasa da rabin abin da ake so. Bitamin D lebura ne, aikinsa ɗauko bulo daga hanji zuwa wurin gini. Kalsiyam shi ne bulon. Tara lebura ɗari, in ba bulo, katanga ba za ta tashi ba.

Duba yadda satar ke gudana. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifan guringuntsi, daga nan tsawo ke fitowa. Sabon guringuntsi sai ya sha kalsiyam yake taurara. Idan jini ya ga kalsiyam ya yi ƙasa, ba ya haƙura, domin zuciya da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi, sai ya koma yana kwasa daga ƙashi. In yaro yana shan nono, akwai ɗan rufin asiri. Ranar yaye ake buɗe wa ɓarawo ƙofa: kunu da safe, tuwo da dare. Abin haushin ma, gero da dawa da masara suna ɗauke da wani sinadari, fayitet, mai riƙe ɗan kalsiyam ɗin da ke cikin abinci ya hana hanji sha. Yaro kuma ga nauyi yana ƙaruwa, ga guje-guje. Ƙashi mai laushi ya ɗauki kaya, ya sunkuya.

A ganina abin kunya ne wannan ya sami ɗa a ƙasar shanu da awaki da raƙuma. Amma nono a birni da kuɗi ake sha, furar gidan marasa hali kuwa ruwa ya fi yawa. Masu binciken Jos daga baya sun gwada garin busasshen kifi da ƙayarsa, ya yi aiki. Ɓarawon dai yana da 'yan rakiya, tunda yara biyu kan ci kwano ɗaya, ɗaya ya lanƙwashe ɗaya ya tsira. Kuma ba kowace baka ce tasa ba: akwai cutar Blount, inda gefen ciki na faifan ƙwauri ke ƙin girma, ita ko an sha nonon garke guda ba ruwanta.

To me ya kawo zarto, tunda akwai magani? Lokaci. Ƙaramin yaro in ya sami kalsiyam, sau da yawa girma da kansa ke miƙar da ƙafar. Wanda ya ɗan tasa, akan ɗaura masa ɗan ƙarfe mai ƙusa biyu a gefe ɗaya na faifan, a rage wa gefen gudu har ɗayan ya kamo shi. Wanda ƙashinsa ya riga ya taurare a karkace, sai yanka. Za a tsayar da shi a ɗauki hoto daga ƙugu har idon sawu, a ja layi. Ya kamata layin ya ratsa tsakiyar gwiwa. Gwargwadon kaucewarsa, gwargwadon yankin ƙashin da za a cire, mai faɗi a gefe ɗaya, siriri a ɗayan. A haɗe bakin biyu, a ɗaure da ƙarfe da ƙusoshi ko a sa siminti. Cikin makonni shida zuwa 'yan watanni sabon ƙashi ya cike wurin.

Saura tarko ɗaya, kuma shi ne ke sa iyaye su ga kamar ana ja musu rai. Sun taho daga nesa, sun kashe kuɗin mota, likita ya duba hoton wuyan hannu da sakamakon jini, ya ce, "Baba, ba yanzu ba, a je a sha magani tukuna." Dalilinsa shi ne in cutar tana nan da ranta, ƙashin da aka yanka ba zai haɗe da kyau ba, in ma ya haɗe zai sake sunkuyawa. Sai hoto ya nuna bakin faifan ya yi fes, sannan a sa ranar tiyata.